Zuciya ɗaya, ƙungiya biyu: yadda besbol da NFL ke wasa da hankalin mutanen Cleveland

Ranar Lahadi 30 ga Oktoban 2016, da ƙarfe ɗaya na rana, Cleveland Browns, ƙungiyar zari-rugan Amurka ta birnin Cleveland da ke gasar NFL, ta karɓi baƙuncin New York Jets a filinta da ke bakin Tafkin Erie, a jihar Ohio ta Amurka. Wasa 7 ta buga a kakar shekarar, kuma duk 7 ɗin kashi ta sha. An tafi hutun rabin lokaci tana gaba da maki 20 da 7, amma aka tashi Jets na da 31, ita tana da 28. Da dare ya yi, mutanen da suka fito daga wannan fili rai a ɓace suka koma gaban talabijin, domin ƙungiyar besbol ta garin, wadda a lokacin ake kira Indians, tana birnin Chicago tana buga wasa na biyar na World Series, karawar ƙarshe ta cin kofin besbol, inda wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi. Ta ci uku, Chicago Cubs ta ci ɗaya, saura mata nasara guda ta ɗaga kofin da rabonta da shi tun 1948. José Ramírez ya fara ci mata maki, Cubs ta farke ta ƙara biyu a zagaye na huɗu, aka tashi 3 da 2.

A yini guda mutum ya kalli ƙungiyar da ta fi kowace lalacewa a gasar zari-rugan Amurka ta NFL, ya kuma kalli wadda ta kusa zama zakaran duniyar besbol, kuma dukansu nasa ne. Irin wannan cakuɗuwar murna da takaici ba rauni ba ne na magoyin baya, ba kuma rashin sa'ar wani gari ba ne kawai. Yadda aka tsara wasannin biyu ne ke haifar da ita: yawan wasa a shekara, dokar kuɗi, hanyar samun sababbin 'yan wasa, da yadda ake yanke hukunci a ƙarshen kaka. Cleveland dai ita ce wurin da abin ya fi fitowa fili.

A fara da lissafin kwanaki. Ƙungiyar besbol a gasar MLB tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, rabi a gida rabi a waje. Ƙungiyar NFL kuwa wasa 17 take bugawa cikin mako 18, daga Satumba zuwa farkon Janairu. Kafin 2021 ma 16 ne. Idan aka raba 162 gida 17, wasan NFL ɗaya ya kai nauyin wasan besbol tara da rabi. Wato ƙungiyar NFL da ta faɗi Lahadi uku a jere, a ma'aunin besbol kamar ta yi wata guda cur ba ta ci wasa ba.

Sannan besbol wasa ne da gwani ke faɗuwa a cikinsa kullum. Mai sanda, wato mai bugun ƙwallon da aka jefo masa, in yana samun bugu mai kyau sau uku cikin goma, tauraro ne. Seattle Mariners ta 2001, wadda ta ci wasa 116, ta sha kashi sau 46. Chicago White Sox ta 2024, wadda aka doke sau 121, ita ma ta kwana da nasara sau 41. Ƙungiya mai kyau takan rasa wasa 60 zuwa 70 a shekara ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Magoyin bayan besbol kamar mai tireda yake, kullum yana buɗe shago, yau riba gobe faɗuwa, sai ƙarshen wata ake sanin inda aka kwana. Na NFL kuwa ɗan kasuwar mako ne, in ta watse ba ciniki, sai ya yi kwana shida yana juya abin a ransa. Shi ya sa ake sauraron besbol a rediyo ana tuƙi ko ana gyaran gida. A Cleveland muryar Tom Hamilton ke wannan aiki tun 1990. NFL kuwa zama ake yi mata na musamman: tun da sassafe mutane ke cika wuraren ajiye motoci na kusa da fili suna gashin nama, kuma sakamakon sa'a ukun nan shi ne hirar ofis da gidajen rediyo har wata Lahadin.

Akwai wani bambanci a cikin wasan kansa. NFL tana da agogo, minti 60 da aka raba huɗu. Ƙungiyar da ke gaba tana iya cinye lokaci, wadda ke baya tana ganin damarta na tsiyaya. Besbol ba shi da agogon tashi. Zagaye tara ne, a kowane zagaye sai an fitar da masu sanda uku daga kowane ɓangare, jimla 27 ga kowace ƙungiya. Muddin ba a fitar da na 27 ɗin ba, wasa bai ƙare ba. Don haka a NFL mutum yakan ga faɗuwa tana tahowa, a besbol kuwa rai na rataye har jifa ta ƙarshe, ga wanda ke gaba da wanda ke baya duka.

Masu bincike sun auna wani ɓangare na wannan. A 1976 Robert Cialdini da abokan aikinsa sun lura cewa ɗaliban jami'o'in Amurka sun fi sa rigar makarantarsu ranar Litinin idan ƙungiyarsu ta ci wasa a ƙarshen mako, kuma sun fi cewa "mun ci" a ranar nasara, ranar faɗuwa sai bakin ya koma "an cinye su". Abin da ya fi wannan nauyi shi ne binciken masana tattalin arziki David Card da Gordon Dahl na 2011. Sun haɗa rahotannin 'yan sanda da sakamakon wasannin NFL, suka gano cewa idan ƙungiyar gari ta faɗi a wasan da aka yi hasashen za ta ci, rahoton maza masu dukan matansu a gida yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Faɗuwar da aka riga aka sa rai da ita ba ta kawo wannan tashin ba. Ashe ba shan kashin ne ke ƙona rai ba, tazarar da ke tsakanin abin da aka ƙwallafa wa rai da abin da ya faru ce. Tambayar ke nan ita ce, wace gasa ce ta fi iya sa mutum ya ƙwallafa rai? A nan NFL ba ta da na biyu.

Mai kallon gasar Firimiyar Ingila ya saba da cewa ƙungiya uku na ƙasan teburi suna faɗawa ƙaramar gasa. A Amurka babu wannan. Maimakon hukunci, lada ake ba wanda ya zo na ƙarshe. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL suna zaɓar matasan da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta fi kowa faɗuwa ita ke fara zaɓe. Bugu da ƙari, kuɗin talabijin na ƙasa baki ɗaya raba shi ake daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyin, kuma kwangilolin da aka sa wa hannu a 2021 sun haura dala biliyan 100 cikin shekara 11. Akwai kuma iyakar albashi da ba a tsallakewa: dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya a 2024, miliyan 279.2 a 2025. A takarda, Cleveland da New York ƙarfinsu ɗaya. Saboda haka kowace bazara magoyin bayan Browns yana da hujja mai ma'ana ta cewa bana ce shekararsu.

Ga yadda abin ke gudana a aikace. Browns ta ci wasa 1 ta faɗi 15 a 2016, ta samu zaɓi na farko ta ɗauki Myles Garrett, wanda ya zama ɗaya daga cikin 'yan bayan da suka fi kowa a gasar. A 2017 ba ta ci ko ɗaya ba cikin 16, har wasu magoya baya suka yi jerin gwanon shaguɓe suna zagaya filin a cikin sanyin Janairu. Ta sake samun zaɓi na farko ta ɗauki Baker Mayfield, kwatabak, wato ɗan wasan da ƙwallo ke fara shiga hannunsa a kowane hari, shi ke jefawa ko miƙawa. Ranar 20 ga Satumban 2018 ya shigo daga benci suka doke Jets 21 da 17, bayan kwana 635 ba nasara, garin ya kwana shagali kamar kofi aka ci. A Janairun 2021 ya ja su suka lallasa abokiyar gabarsu Pittsburgh Steelers 48 da 37, nasararsu ta farko a wasannin neman kofi tun Janairun 1995. Shekara ɗaya da rabi bayan haka an sayar da shi. Daga 1999 zuwa ƙarshen kakar 2024, kimanin mutum 40 ne suka fara wa Browns wasa a wannan gurbi guda. Kowannensu an taɓa sayar da rigarsa, an taɓa cewa shi ne.

Dalilin da ya sa wannan gurbi ke haukata ƙungiyoyi a bayyane yake. Babu wani ɗan wasa a besbol da ke da tasirin kwatabak. Mai sandan da ya fi kowa sau huɗu ko biyar yake samun dama a wasa, mai jifan da ya fi kowa sau ɗaya yake fitowa cikin kwana biyar. Kwatabak kuwa ƙwallo na bi ta hannunsa sau 60 ko fiye a kowane wasa. In ka same shi ka huta shekara goma, in ba ka same shi ba duk sauran gyaran da za ka yi ƙawa ce.

Tsarin besbol akasin haka yake, kuma a nan ne ɗacin magoyin bayan Guardians yake (sunan da Indians ta koma bayan kakar 2021, bayan shekaru ana sukar tsohon sunan da tambarinsa da cewa cin fuska ne ga 'yan asalin Amurka). MLB ba ta da iyakar albashi. Abin da ke akwai haraji ne da ake ɗora wa wadda ta wuce wani layi, dala miliyan 237 a 2024, kuma masu kuɗi irin su Dodgers da Mets da Yankees sukan biya su wuce abinsu. Babban ɓangare na kuɗin shiga daga talabijin na yanki da tikitin wasannin gida 81 yake fitowa, wato ya danganta da girman gari. Cleveland tana da mutum 914,808 a ƙidayar 1950, ta koma 372,624 a ta 2020. Kamfanin da ke nuna wasannin Guardians a yankin a lokacin, Diamond Sports, ya shiga kotun fatara a Maris na 2023. Albashin 'yan wasanta gaba ɗaya yakan tsaya a kusa da dala miliyan 100, wani lokaci ƙasa da haka sosai.

Abin da ke riƙe da irin wannan ƙungiya shi ne dokar shekarun aiki. Kwana 172 a babbar gasa shi ake lissafawa shekara guda. Shekara ukun farko ƙungiya ke yanka wa ɗan wasa albashi, kusa da mafi ƙanƙanta. Shekara uku na gaba, in ba su daidaita ba, masu sasanci ke zaɓar ɗaya daga cikin farashin da ɓangarorin biyu suka gabatar, albashin kuma yana hawa. Ya cika shida, ya zama mai cin gashin kansa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ƙungiyar da ta san ba za ta iya tayin ba takan sayar da shi a shekara ta biyar, ta karɓi yara uku ko huɗu da ba a san su ba tukuna. Magoyin baya ya san wannan lissafi sarai. Tun ranar da yaro ya fara haskawa ake ƙirga masa kwanakin tafiya.

CC Sabathia ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a 2007, aka sayar da shi ga Milwaukee a tsakiyar 2008. Cliff Lee ya ci kyautar a 2008, aka sayar da shi ga Philadelphia a tsakiyar 2009. A wasan farko na World Series na 2009, Sabathia ne ya fara jifa wa Yankees, Lee ya fara wa Phillies, mutanen Cleveland suna gida suna kallon 'ya'yansu biyu a rigar wasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Francisco Lindor, wanda shi ne fuskar ƙungiyar 2016, ya tafi Mets a Janairun 2021 ya sa hannu kan dala miliyan 341 na shekara 10. Wannan ne ya sa ake yi wa José Ramírez wani irin so na daban a garin: a 2022 ya amince ya zauna kan kuɗin da kowa ya san ya gaza abin da kasuwa za ta ba shi.

Duk da haka, ƙungiyar besbol ɗin ita ce mai tsari. Ta iya renon masu jifa, ba ta yawan canja masu horarwa (Terry Francona ya yi shekara 11, daga 2013 zuwa 2023), tana yawan cin rukuninta. Browns kuwa a waɗannan shekarun ta yi ta korar koci da manajoji. Amma in ka saurari gidajen rediyon wasanni na garin, ko a tsakiyar Yuli lokacin da besbol ke kan ganiyarsa, hirar Browns ce ta fi yawa. A 2016, shekarar da Indians ta kai wasan ƙarshe, matsakaicin masu shiga filinta bai kai 20,000 ba, tana can ƙasan jerin gasar. Browns mai nasara ɗaya tana sayar da tikiti sama da 60,000 a kowane wasa. Gaskiya ne cika fili sau 8 ya fi cika shi sau 81 sauƙi, amma wannan bai gama bayanin ba. Arewa maso gabashin Ohio ƙasar zari-ruga ce tun asali: a Canton, tafiyar sa'a guda daga Cleveland, aka kafa NFL a 1920, kuma Paul Brown, kocin Browns na farko, wanda ƙungiyar ke ɗauke da sunansa, a makarantar sakandare ta Massillon ya yi suna. Besbol ana girmama shi, Browns kuwa gadonta ake yi.

Lokaci guda ne ma'aunin ya juya, shi ma sai da aka ɗauke Browns ɗin ɗungurungum. Ranar 6 ga Nuwamban 1995 mai ƙungiyar, Art Modell, ya sanar cewa zai mayar da ita Baltimore, yana kukan bashi da tsohon fili, alhali an gina wa ƙungiyar besbol sabon fili da harajin giya da sigari da mutanen yankin suka amince da shi a 1990. A wasan gida na ƙarshe, cikin Disamba, mutane sun zo da spana suna kwance kujeru. An yi sulhu cewa suna da launi da tarihin Browns za su zauna a Cleveland, amma garin ya yi kaka uku ba NFL. A wannan tsakanin Indians ta sayar da tikitin kowane wasan gida sau 455 a jere, daga Yunin 1995 zuwa Afrilun 2001. Browns ta dawo a 1999 a matsayin sabuwar ƙungiya da aka harhaɗa da ragowar 'yan wasan wasu. Tsohuwar kuwa, wadda ta koma Baltimore Ravens, ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Janairun 2001. Browns har yau ba ta taɓa buga Super Bowl ba. Kofinta na ƙarshe na 1964 ne, kafin a ƙirƙiro shi.

Sai batun ƙarshen kaka, inda besbol ke karya alkawarin da ya yi wa mai binsa. Wata shida yana koya maka cewa wasa ɗaya ba komai ba ne, gaskiya sai a doguwar tafiya take fitowa. Oktoba na kamawa sai dokar ta canja. Ƙungiya 12 cikin 30 ke shiga, zagayen farko wanda ya riga cin biyu cikin uku ya wuce, na biyu uku cikin biyar, na kusa da ƙarshe da na ƙarshe huɗu cikin bakwai. A wasan da ƙungiya mafi rauni kan doke mafi ƙarfi sau ɗaya cikin uku, wasa biyar ba ya auna komai sai wanda hannunsa ya yi zafi a makon. Indians ta 1954 ta ci wasa 111 cikin 154, New York Giants ta share ta 4 da 0. Ta 2017 ta ci wasa 22 a jere, daga 24 ga Agusta zuwa 14 ga Satumba, ta ƙare da nasara 102, ta ci Yankees biyun farko, sannan ta faɗi uku a jere ta koma gida.

Akwai dalilai na zahiri da ke sa ƙungiya irin Cleveland ta fi saurin karyewa a Oktoba. A cikin kaka masu jifa biyar ke karɓa-karɓa, kowa yana hutun kwana huɗu. A wasannin kofi ana komawa kan uku ko huɗu mafi kyau, in ɗaya ya ji rauni babu kuɗin da aka ajiye wani gwani a benci. A 2016 Carlos Carrasco ya karye a hannu a Satumba, Danny Salazar bai gama warkewa ba, Trevor Bauer ya yanke a yatsa yana gyaran ƙaramin jirginsa maras matuƙi. Dole Corey Kluber ya fara wasa na 1 da na 4 da na 7 da hutun kwana uku-uku. A biyun farko ba a iya taɓa shi ba, a na bakwai bugun farko na wasan Dexter Fowler na Cubs ya fitar da ƙwallo waje, irin bugun da ke ba da maki kai tsaye. Haka kuma masu jifan da ake sakowa a ƙarshen wasa: a cikin kaka abokin hamayya sau biyu ko uku yake ganinsu a wata, a jerin wasa bakwai kuwa kusan kullum yake ganinsu, idonsa ya saba da jifarsu, hannunsu kuma ya gaji.

Wasa na bakwai na ranar 2 ga Nuwamban 2016 ya tattara duk wannan. Cubs na gaba 6 da 3 a zagaye na takwas, an fitar da mutum biyu. Brandon Guyer na Indians ya rage ɗaya. Rajai Davis, wanda aka fi sani da gudu ba da ƙarfin bugu ba, ya riƙe sandarsa a taƙaice ya yi ta kare jifar Aroldis Chapman, mai jifan da ya fi kowa sauri a duniya a lokacin, har ya samu wata ta ƙasa-ƙasa ya ɗauke ta ta haye katangar hagu. 6 da 6. Aka gama zagaye na tara a haka, sai ruwan sama ya sauko aka tsaya minti 17. Da aka dawo Cubs ta ci biyu, Davis ɗin dai ya sake rage ɗaya, aka fitar da na ƙarshe alhali ɗan wasan Indians ɗaya yana kan hanyar cin maki: 8 da 7. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Abin da ya ƙara wa abin gishiri, wata huɗu da rabi kafin nan ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, Cavaliers ta LeBron James, ta farfaɗo ne daga 3 da 1 ta ci kofi, ta kawo ƙarshen shekara 52 da garin ya yi ba kofi. Sai ga 3 da 1 ɗin ta juyo kansu. A 1997 ma saura a fitar da mutum biyu Indians ta ci kofin a Miami, tana gaba 2 da 1, José Mesa ya bari aka farke, Florida Marlins mai shekara biyar da kafuwa ta ci a zagaye na 11.

Raunukan Browns wani iri ne, na minti ɗaya ne, domin a NFL sili ɗaya ƙwale ake yi. Ranar 11 ga Janairun 1987 tana gaba 20 da 13, saura minti biyar da rabi ta je Super Bowl, Denver tana can yadi biyu daga layinta. John Elway, kwatabak ɗin Denver, ya ja su yadi 98 cikin hari 15, suka farke saura daƙiƙa 37, suka ci a ƙarin lokaci. Shekara ta zagayo, Denver ɗin dai, Earnest Byner na Browns, wanda ya riga ya ci sau biyu a wasan, ya nufi layi da ƙwallon da za ta daidaita maki, aka fizge ta daga hannunsa taku biyu kafin ya isa. Iyaye a Cleveland suna ba 'ya'yansu labarin waɗannan ranaku da sunan da aka laƙaba musu, yaron da ba a haifa ba a lokacin ya taso da tabonsu.

A shekarun nan cakuɗuwar ta tashi daga filin wasa ta shiga lamirin mutane. A Maris na 2022 Browns, cikin neman kwatabak ido rufe, ta ba Houston zaɓinta na zagayen farko na shekara uku da wasu ƙari, ta karɓo Deshaun Watson, ta ba shi dala miliyan 230 na shekara biyar, kowane sisi da tabbacin biya ko ya buga ko bai buga ba. A lokacin mata fiye da 20 masu aikin tausa sun shigar da ƙararsa kan zargin lalata da cin zarafi. Ya musanta, masu taimaka wa kotu a Texas ba su tuhume shi da laifi ba, ya sasanta da akasarin matan, NFL kuma ta dakatar da shi wasa 11 da tarar dala miliyan 5. Wasu magoya baya, musamman mata, suka ce sun bar ƙungiyar. Da yawa suka zauna suna fatan ƙungiyarsu ta ci, ba sa son tafa wa wanda ke jan ta.

Kwangilar kuma ta zama tarko saboda yadda ake lissafin iyakar albashi. Ƙungiya na iya mayar da albashin bana ya zama kuɗin hannu, ta biya nan take amma ta raba lissafinsa kan shekara biyar, don ta samu sararin sayen wasu. Browns ta yi haka da kwangilar Watson fiye da sau ɗaya. Matsalar ita ce duk ranar da ka sallami ɗan wasan, abin da ka tura gaba yana dawo maka a dunƙule. Ga shi ba ya taka rawar da aka saye shi dominta, ga shi ba a iya rabuwa da shi, ga zaɓin matasan da za a gyara ƙungiya da su an riga an bayar. A 2023 da ya ji rauni a kafaɗa, Joe Flacco mai shekara 38, tsohon kwatabak ɗin Ravens da suka yi shekaru suna zagi, shi aka ɗauko daga gida ya kai su wasannin kofi, suka riƙa rera sunansa a fili.

Makon tsakiyar Oktoban 2024 ya haɗa komai wuri ɗaya. Ranar Alhamis 17 ga wata Guardians na karawa da Yankees a zagayen kusa da ƙarshe. Emmanuel Clase, mai rufe wasa, wanda maki biyar kacal aka ci ta hannunsa duk tsawon kakar, ya shigo suna gaba, Aaron Judge da Giancarlo Stanton na Yankees suka fitar masa da ƙwallo waje ɗaya bayan ɗaya. Saura mutum ɗaya a tashi, Jhonkensy Noel ya taso daga benci ya farke, David Fry ya ƙarasa a zagaye na 10, aka tashi 7 da 5. Asabar da dare Juan Soto na Yankees ya kashe musu kakar da bugu guda, shi ma a zagaye na 10. Lahadi da rana aka koma filin Browns, inda Nick Chubb, ɗan wasan da garin ya fi ƙauna, ya dawo bayan wata 13 yana jinyar gwiwa, har ya ci maki. A wasan nan ne jijiyar diddigen Watson ta tsinke ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Yana kwance a ƙasa wasu 'yan kallo suka yi shewa, wasu suka yi tsit, Myles Garrett ya fito bayan wasa ya ce abin kunya ne. Cincinnati ta ci 21 da 14, Browns ta ƙare kakar da nasara 3 da faɗuwa 14.

A 2025 Guardians ta kasance a bayan Detroit Tigers da tazarar wasa 15 da rabi a farkon Yuli. A ƙarshen watan aka dakatar da Clase saboda binciken caca, wanda daga baya ya kai ga tuhuma a kotun tarayya. Ba tare da shi ba ƙungiyar ta kamo Detroit a Satumba ta ci rukunin, tazarar da ba a taɓa cike irinta ba a tarihin gasar. Dokar zagayen farko ta sake haɗa ta da Detroit ɗin a wasa uku, duka a Cleveland. Tigers ta ci biyu ta wuce.